In ɓera da sata, daddawa ma da wari: tsofaffin finafinan zambo da yaƙin neman zaɓe

Akwai wasu maganganu da suka zama ruwan dare a bakin wasu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, duk lokacin da aka kawo shawarar a riƙa nuna wa ɗalibai tsofaffin finafinan da suka yi wa ƴan siyasa zambo. Wasu sukan ce silima wasa ce, lakwal kuwa ba dandali ba ne. Wasu su ce ai finafinan Turawa ne, baƙi da fari, waɗanda aka yi tun ba a haifi iyayen yaran ba, don haka ba su da abin da za su gaya wa saurayin Maraɗi ko budurwar Tawa da ke riƙe da salula. Masu ganin sun fi kowa hangen nesa kuma sai su yi murmushi su ce: wane zaɓen? Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake ajiye akwatin zaɓe a ƙasar nan ba, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Me zai sa a ɗauko wannan zance yanzu? Ni dai ina ganin duka ukun sun saki hanya, kuma yaranmu ne za su ɗanɗana kuɗar wannan ɓata.

Bari in fara da ta ƙarshen, tunda ita ce ta fi kama da hankali. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daga zaɓen 1993, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, zuwa zagaye na biyu na Fabrairu 2021, mun ga yaƙin neman zaɓe iri-iri, mun kuma san yadda gari yake zama in abin ya kankama: kowace kalma sai an auna ta an ga wace jam'iyya take yi wa aiki. Malamin da ya nuna fim ɗin zambo a irin wannan lokaci, kafin ya kashe majigi an riga an ce yaron wane ne. Yanzu da babu tutar jam'iyya a kan titi, babu hoton ɗan takara a bangon lakwal, shi ne lokacin da za a iya koya wa yaro yadda ake sayen murya da yadda ake sayar da ita, ba tare da an ce da wane ake ba. Yaron da ke koleji a yau, ko ba daɗe ko ba jima zai riƙe katin zaɓe. Kafin nan ma gangamin wasu ƙasashe yana iso masa har ɗaki: zaɓen Najeriya na 2023, da na Senegal da Cadi da Ghana na 2024, duk sun ratsa ta wayoyin matasanmu, da waƙoƙinsu da hotunansu da ƙarairayinsu.

Masu cewa zambon mahukunta a fim baƙon abu ne, ina tambayarsu: sun san Moustapha Alassane kuwa? A 1966, shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, wannan ɗan ƙasa tamu ya yi wani fim na zane mai motsi, na ƴan mintoci, mai suna Bon voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa maƙwabciya. Faretin sojoji da gaisuwar ban girma da duk abin da aka saba gani in babban baƙo ya sauka, ya zana su tsaf, sai dai kowa a wurin kwaɗo ne. Bai zagi kowa ba, bai kama sunan kowa ba. Ya tuɓe wa bikin babbar rigarsa, aka ga abin da ke ciki. A 1972 ya fitar da FVVA, wato mace da gida da mota da kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikacin da burin waɗannan abubuwa huɗu ya tura ga taɓa dukiyar da aka ba shi amana, ya ƙare a gidan kaso. Mutumin nan ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a 2015. A 2017 babban gidan fasahar zamani na birnin New York, MoMA, ya shirya nunin finafinansa. Ɗalibai nawa ne a makarantunmu suka taɓa ganin minti ɗaya na aikinsa? Muna karanta musu tatsuniyar La Fontaine ta kwaɗin da suka roƙi a yi musu sarki, har mu sa su haddace, amma kwaɗinmu na gida ba mu gabatar musu da su ba.

Tun kafin Alassane ya riƙe alƙalami ma, ƙasar Hausa ta san wannan sana'a. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari kan kwaikwayi manyan ƙasa, wannan ya zama shugaba, wancan minista, da tabarau da bindiga da na'urar ɗaukar hoto duk na kara, jama'a da manyan gari kuma na kallo. Inoussa Ousseini ya ɗauki wasan a fim. Akwai tashe na watan azumi, akwai ƴan kama da ƴan gambara, akwai wasannin Yazi Dogo da abokan aikinsa da suka sa ƙasa duka dariya a radiyo da talabijin. Al'ummar da ta haifi habaici da zambo ba za a gaya mata cewa yi wa mai mulki dariya kayan aro ne ba. Nan ma amsa take ga masu tsoron kada yara su koyi raina manya: wasan kara ya daɗe ana yin sa, bai rushe sarauta ba, ya dai tuna mata cewa akwai idon da ke kallonta.

Saura masu cewa wasa ne. To, mu duba abin da ke cikin wasan.

A 1940 Preston Sturges na Amurka ya fitar da fim ɗin da Faransawa suka sa wa suna Gouverneur malgré lui. Wani matalauci ne mai kwana a titi aka yi wa alkawarin dalar Amurka biyu in ya jefa ƙuri'a da sunan wani. Sai ya zagaye rumfunan zaɓen gari ya jefa sau 37. Ubangidan ƴan siyasar garin ya ga yaro mai himma, ya ɗauke shi, ya yi ta tura shi gaba har ya zama magajin gari, har ya zama gwamna. Ranar da ya yi niyyar yin gaskiya sau ɗaya, ranar ce ya faɗi. Wanda ya taɓa ganin ana rabon jika-jika da sukari da turmin atamfa a jajibirin zaɓe, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan fim.

A wannan shekarar dai Charlie Chaplin, wanda muka fi sani da Sharlo, ya fitar da Le Dictateur. Inda ya kamata malamin harshe ya tsaya shi ne jawabin Hynkel, shugaban wata ƙasa ta ƙage mai suna Tomaniya. Kalmomin gwaranci ne kawai mai kama da Jamusanci, amma taro na tafi kamar ƙasa za ta tsage, in ya ɗaga hannu su yi tsit, makirufo kuma na lanƙwashewa don zafin muryarsa. Sharlo ya zare ma'ana daga cikin jawabi, ya bar amo da fuska da motsin hannu, ya nuna cewa waɗannan kaɗai sun isa su juya dubban mutane. Da Hynkel ya karɓi baƙuncin takwaransa Napaloni kuwa, sai ga su a kujerun aski, kowa na ɗaga tasa sama don ya fi ɗan uwansa tsawo. Ku tuna gasar da muka saba gani ta yawan motoci a ayari, da faɗin rumfa, da yawan kabu-kabun da aka zuba wa mai don su cika hanya, sannan ku gaya mini ko an sauka daga kujerar askin nan.

A 1957 Elia Kazan ya yi Un homme dans la foule. Wata ma'aikaciyar radiyo ce ta tsinto wani mawaƙi mai bakin zuma, Lonesome Rhodes, a gidan kason wani ƙaramin gari a jihar Arkansas. Daga radiyo ya hau talabijin, daga tallar magani ya koma tallar ɗan siyasa: shi ke koya wa wani sanata mai burin shugabancin ƙasa yadda zai saki fuska, da laƙabin da zai ɗauka, da yadda zai bar dogon bayani ya nemi a so shi kawai. An yi fim ɗin shekara uku kafin muhawarar Kennedy da Nixon ta 1960 a talabijin. A 1972 kuma aka yi Votez McKay, wanda marubucinsa, Jeremy Larner, ya taɓa rubuta wa wani ɗan takarar shugabancin Amurka jawabai a 1968, wato ya san tukunyar daga ciki. Lauya ne matashi mai aƙida ya shiga takarar sanata, masu tsara masa yaƙi suka yi ta rage masa magana, yau a cire wannan don kada a ɓata wa wasu rai, gobe a cire wancan, har jawabinsa ya koma ƴan kalmomin da yake maimaitawa kamar aku. Da ya ci zaɓe, sai ya ja babban mai tsara masa yaƙin gefe yana tambayarsa abin da za su yi yanzu. A nan fim ya ƙare, babu amsa. Mu da muka sha jin alkawari a dandali, muka kuma ga abin da ya biyo bayan rantsuwa, mun san wannan tambaya.

Des hommes d'influence, na Barry Levinson, ya fito a 1997. Shugaban Amurka ya faɗa cikin abin kunya saura ƴan kwanaki zaɓe, sai mashawarcinsa ya ɗauko wani mai shirya finafinai na Hollywood suka ƙaga yaƙi da ƙasar Albaniya. Aka ɗauki hoton wata yarinya tana gudu a ɗakin ɗaukar fim rungume da ledar abinci, aka sa kwamfuta ta mai da ledar kyanwa, ta zana rusasshen ƙauye a bayanta, gidajen talabijin suka watsa. A lokacin ana iya cewa ƙarin gishiri ne irin na masu fim. A Satumba 2023, saura kwana biyu zaɓe a Slovakiya, aka baza muryar ƙarya ta wani jagoran jam'iyya wai yana shirya maguɗi. A Janairu 2024, a jihar New Hampshire, aka yi ta kiran mutane a waya da muryar da aka kwaikwaya ta Joe Biden ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Abin da a fim sai da ƙwararru da ɗakin ɗaukar hoto, yau mutum ɗaya mai kwamfuta yana iya haɗa shi ya tura ta WhatsApp, inda saƙon murya ya fi rubutu saurin tafiya a tsakanin mutanenmu. In wannan ne wasa, to wane darasi ne ya fi shi zama gaske?

Sai dai akwai wani irin kallo da nake ƙi fiye da yadda nake ƙin watsi da finafinan baki ɗaya. Shi ne a taru a yi ta ƙyaƙyata dariya a kan ɗan takara, a tashi kowa na Allah wadai da ƴan siyasa, a koma gida da zuciya fara fat kamar an yi wanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Manyan finafinan zambo ba su bar ɗan kallo ya tsira haka ba, kuma a nan ne na Afirka suka fi na Amurka kaifi.

Ku ɗauki Xala na Ousmane Sembène, wanda ya fito a 1975. Fim ɗin ya buɗe da ƴan ƙasa suna karɓe majalisar ƴan kasuwa daga hannun Turawa, suna fitar da kayansu waje, jama'a na kiɗa da rawa a bakin ƙofa. Jim kaɗan Turawan suka dawo a matsayin masu ba da shawara, suka ajiye wa kowane sabon shugaba jaka cike da takardun kuɗi. El Hadji Abdou Kader Bèye, ɗaya daga cikin sababbin manyan, ya karkatar da shinkafar da ya kamata ta isa ga jama'a, ya yi ƙasaitaccen bikin mata ta uku, direbansa na wanke Marsandi da ruwan kwalba na Evian. Manyan gari suka zo biki suka ci suka sha, babu wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. Daren farko ya kasa kusantar amarya, wannan rashin ƙarfi kuwa shi ne xala da harshen Wolof. Hukumomin Senegal sun gane da wa ake, shi ya sa sai da aka yanke wasu wurare kafin a bari a nuna shi a can. Amma masu rawa a bakin ƙofa da masu cin biki, su ma Sembène ya ɗauki hotonsu.

Wanda ya fi shiga jiki shi ne Hyènes, wato kuraye, na Djibril Diop Mambéty, na 1992, wanda ya gina a kan wani wasan kwaikwayo na Friedrich Dürrenmatt ɗan ƙasar Suwis. Linguère Ramatou ta bar garin Colobane tana yarinya, ɗauke da cikin da Dramaan Drameh ya yi mata ya kuma musanta da shaidun zur. Ta dawo da tsufa da dukiyar da aka ce ta fi ta Bankin Duniya, ta tarar gari ya talauce, Dramaan kuwa mai kanti ne da kowa ke so, har ana shirin ba shi kujerar magajin gari. Ta ce za ta ba garin miliyar 100, da sharaɗi ɗaya: a kashe Dramaan. Magajin gari ya miƙe ya ƙi da babbar murya, jama'a suka mara masa baya, ita kuwa ta ce za ta jira. Babu wanda ya yanke shawarar kisa a ranar. Mutane dai suka fara cin bashi, a kantin Dramaan ɗin kansa: yau taba mai tsada, gobe sai ga sababbin takalma ruwan ɗorawa a ƙafar kowa, jibi fanka da firigo. Kowa ya san babu abin biya sai kuɗin tsohuwa, kowa kuma na rantsuwa ba za a taɓa Dramaan ba. Ranar da bashi ya kai wuya, sai aka taru aka kira abin adalci, kuma masu ilimin garin ba su ware kansu ba.

Babu akwatin zaɓe ko ɗaya a cikin wannan fim, amma ban san wanda ya fi shi faɗin gaskiya a kan yaƙin neman zaɓe ba. Ba a sayen gari rana ɗaya, kuma ba a sayen wanda bai kai kansa kasuwa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi jika biyu ya ba da wa'adin shekara biyar, in ya yi lissafi zai ga ya sayar da kowace rana a kan tamma ɗaya da ƴan kai. Da ita zai sayi maganin da babu a likita, da ita zai sayi tebur ga ɗansa da ke zaune a ƙasa cikin aji na zana.

Mu malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu kuma muna da rumfa a wannan kasuwa. Wa ke rubuta wa ɗan takara jawabi da Faransanci mai santsi, ya kuma juya masa shi da Hausa mai karin magana? Wa ake ɗauka ya zauna a teburin rumfar zaɓe saboda ya iya rubutu da lissafi? Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo nawa ne suka shekara suna wasa a kan illar cin hanci, da gangami ya zo suka sa riga mai hoto, suka hau bayan mota suna yi wa mai rabon kuɗi kirari? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wataƙila wannan ne ainihin abin da ya sa wasunmu ba su son a kunna majigi: sun san fuskar da za ta fito a bango.

Kada kuma a ce na mai da silima maganin kowace cuta. Dariya ita kaɗai ba ta kayar da mai mulki. Le Dictateur ya fito a Oktoba 1940, Hitler kuwa ya ci gaba da ta'asarsa har 1945, kuma Chaplin da kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 1964 cewa da ya san haƙiƙanin abin da ake yi a sansanonin ƴan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba. A ƙarshen fim ɗin Kazan, matar da ta tsinto Rhodes ta buɗe makirufo ba da saninsa ba, jama'a suka ji yana kiran su wawaye, suka juya masa baya a dare ɗaya. A Oktoba 2016 an fitar da wani faifai na 2005 inda aka ji Donald Trump yana maganganun batsa a kan mata. Bayan wata ɗaya ya ci zaɓe. Kazan ya ɗauka kunya tana kisa, zamani ya nuna akwai inda ba ta ko sa atishawa. A Ukraine kuma, tun 2015 Volodymyr Zelensky yake fitowa a wani wasan talabijin a matsayin malamin tarihin da ya zama shugaban ƙasa bayan ya caccaki masu cin hanci. Aka kafa jam'iyya da sunan wasan, a Afrilu 2019 ya lashe zaɓe da kashi 73 cikin ɗari. Ko me mutum ke gani game da shi, darasin a fili yake: zambon kansa yana iya zama motar yaƙin neman zaɓe. Babu kuma abin da zai hana mai tsara gangami ya kalli finafinan nan ya ɗauke su littafin koyon sana'a.

Shi ya sa fim yake bukatar malami, kamar yadda nassi yake bukatar sharhi. Mun iya tsayar da yaro a kan jimla ɗaya ta Molière mu tambaye shi wa ke magana, da wa yake, me yake nufi, me ya ɓoye. Wannan aikin ne za mu yi wa hoto. A tsayar da fim a tsakiyar jawabin Hynkel, a kashe sauti, a tambayi aji abin da ya rage. Sannan a nuna musu gangamin gaske na wata ƙasa, shi ma babu sauti, su kwatanta. A sa su nemo ranar da aka sayar da Colobane, su yi gardama a kai, domin za su tarar babu rana ɗaya da za a nuna da yatsa. A haɗa kwaɗin La Fontaine da na Alassane a darasi guda. A kawo saƙon murya irin wanda ke yawo a waya, a tambaya: wa ya turo, wa ya fara, wa zai amfana in mun yarda?

Yawancin gidajen silima na da sun rufe, amma majigi da farin bango da injin wuta ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Gidajen matasa da al'adu na nan a biranenmu, fadodin samari na nan a kowace unguwa da butar shayinsu. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. To harshe ba ya girma da doka kaɗai, sai da abin da aka zuba a cikinsa. In a Kano ana juya finafinan Indiya zuwa Hausa har yara na haddace su, me zai hana ƙungiyoyinmu, da izinin masu haƙƙi, su sa wa Hyènes da Xala muryar Hausa, tsohuwa a Tasawa da manomi a Madawa su ji da kunnensu?

Abin da nake roƙon ƴan uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyi bai taka kara ya karya ba: fim ɗaya a kowane zangon karatu, da awa ɗaya ta muhawara a bayansa, a fara da namu na gida. Ranar da akwati ya dawo, mai jaka zai dawo tare da shi, da shinkafarsa da makaɗansa, kuma ba zai nemi shawararmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne ko yaron da muka koyar zai gane takalma ruwan ɗorawa in aka miƙo masa su.